A Taka Birkin Babur Kafin A Buga Hatimi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan babur da takardar nan ta shaidar lafiyar abin hawa, wadda ake sabuntawa duk shekara tare da sauran takardu. Mu makanikan babura ne a garuruwan da ke tsakanin Ringim da Gumel, kuma maganar ta shafi duk mai mashin a karkarar Jigawa da Kano.

A cikin birnin Kano an hana acaɓa tun farkon 2013, Adaidaita Sahu ta maye gurbi. A ƙauye kuwa babur ba shi da magaji. Shi ke kai riɗi da zoɓo Maigatari ranar Alhamis, shi ke ɗaukar akuya zuwa Wudil ranar Juma'a, shi ne kuma motar asibiti idan naƙuda ta tashi wa mace da tsakar dare a garin da mota ba ta shiga. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 wahalar da ke kansa ta ƙaru, kuɗin gyara kuwa shi aka fara tsukewa, domin tukunya da tanki sun riga shi.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda takardar lafiya ta rabu da lafiyar kanta. Wasu ba su taɓa yin ta ba. Wasu kuma sukan ba ɗan tsakani kuɗi ya dawo musu da takarda mai hatimi, alhali ba wanda ya taka birkin babur ɗin, ba wanda ya kunna fitilarsa. Abubuwan da aka ɗora wa jami'in duba lafiyar ababen hawa (VIO) ya duba, wato birki da taya da fitilu da hon da madubi da hayaƙi da lambobi, su ne dai abubuwan da ke barin mutum a daji ko su kai shi gadon asibiti. Wanda ya gyara su don kansa zai tsallake dubawar ba tare da roƙon kowa ba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: a fara aikin saura mako biyu takarda ta ƙare, don a samu sararin neman kaya masu kyau.

A fara da birki, domin nan aka fi cutar kai. Mahaya da yawa sun sa a ransu cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, sai su sassauta wayarsa, ko ta tsinke su ƙi sauyawa. A cikin rairayi gaskiya ne, wanda ya damƙe shi da ƙarfi zai sha ƙasa. Amma a kan kwalta, da zarar an kama birki nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau ta fara jan ƙasa. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a ƙafar gaba yake, wanda ya kashe birkin gaba ya raba kansa da fiye da rabin birkinsa. Abin da ake buƙata shi ne a koyi matsa shi sannu a hankali tare da na baya.

Ga yadda ake gwadawa. A ɗora babur a kan jak na tsakiya, a juya ƙafa da hannu. Hannun birkin gaba ya yi wasan santimita 1 zuwa 2 kafin ya kama, na ƙafa kuma santimita 2 zuwa 3. Idan an saki, ƙafar ta ci gaba da juyawa ba gogayya. Idan an ɗaure notin birki har ya kai ƙarshen zare bai kama ba, takalmin birki ne ya cinye, a sauya biyun tare. Kada mai babur ya yarda a zare hannun da ke jikin gangar birki a matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu, ko a naɗa gwangwani a bakin takalmin don a ƙara masa kauri. Muna faɗin wannan ne da sanin cewa 'yan uwanmu makanikai ke yin sa, sau da yawa don mai mashin ya ce ba shi da kuɗi. Idan aka yi haka, ɗan ƙarfen da ke buɗa takalman yakan wuce iyakarsa ya tsaya a gicciye, ƙafa ta kulle ana cikin gudu, kuma ko an ɗage ƙafa daga birki ba za ta saki ba.

Akwai kuma sandar ƙarfe da ke riƙe faifan birkin baya da jikin babur. Notinta yana da ɗan fil da ake lanƙwasawa don kada ya warware. Duk lokacin da aka cire ƙafar baya a wajen mai faci, nan ne ake mantuwa. Idan notin ya faɗi, taka birki na farko sai faifan ya juya tare da ƙafa ya nannaɗe sandar birki. Kafin mutum ya biya kuɗin faci ya sunkuya ya ga fil ɗin da idonsa. Masu hawa a yankin Auyo da Kafin Hausa da Guri, inda damina ke sa a ratsa ruwa kullum, su sani ganga idan ta jiƙe ba ta kamawa. Bayan an fito daga ruwa a ɗan taka birki ana tafiya a hankali har ya bushe. Idan damina ta wuce a buɗe gangar a goge laka da busasshen tsumma, a bi takalman da takardar yashi. Mai ko giris kada ya kusance su.

Sai taya. Babban yatsa ba ma'auni ba ne, a nemi mai faci mai abin awon iska. Ga ƙananan babura irin su Boxer, a ma'aunin PSI iskar gaba 25, ta baya 28 idan mutum shi kaɗai ne, 32 idan da fasinja ko kaya, kuma a auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Ƙarancin iska yana sa taya ta riƙa zamewa a jikin rim tana jan tif, har ta yage shi daga gindin bawul, iska ta fice gaba ɗaya lokaci guda. Wannan ba irin hujin ƙayar aduwa ba ne da ke sacewa a hankali. Masu cika ta ta wuce kima don ɗaukar buhu kuma, tsakiyar tayar ke cinyewa, riƙon ƙasa ya ragu, wayoyin ƙafa su riƙa shan duka. A gefen taya akwai 'yar alama mai kama da kan kibiya, idan aka bi ta zuwa cikin zane za a ga ɗan tudu. Ranar da zane ya yi daidai da tudun nan tayar ta gama aiki. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta daɗe a shago ko a rana takan tsattsage a gefe ko da zanenta bai taɓu ba. Tif ɗin da ya sha faci fiye da uku, ko facin ya matso kusa da bawul, a ganinmu a hutar da shi.

Tun da babur yana kan jak, a bi wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da sifana. Mai lafiya tana ƙara siririya, wadda ta saki kuwa sai a ji ƙararta a dushe. Waya ɗaya idan ta karye makwabtanta ke ɗaukar nauyinta, su ma su bi ta, rim ya karkace. A kama ƙafa da hannu biyu a girgiza ta hagu da dama, idan ta yi motsi boris ya tafi. Wani ya danne bayan babur ƙafar gaba ta tashi, a juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ya riƙa maƙalewa a tsakiya, ko aka ji ƙwas idan an kama birkin gaba an tura, boris ɗin wuya na neman ɗauri ko sauyi. Babur mai irin wannan ciwo shi ne ke ƙin bin hannu a cikin yashi.

Sarƙa ita ce ta fi kowane abu shan wahala a ƙasarmu. Wasanta sama da ƙasa a tsakiya ya zama santimita 2 zuwa 3, kuma a juya ƙafa a nemo inda ta fi ɗaurewa a auna a nan, domin sarƙa ba ta cinyewa bai ɗaya. Idan ta yi sako-sako takan sauka ta cusa tsakanin haƙora da ƙarfe ta kulle ƙafar baya. Idan an ɗaure ta tamau kamar tsirkiya, da an ɗora kaya bayan babur ya nutse sai ta ƙara miƙewa ta ci boris ɗin giya, gyaran da sai an tsaga inji. Wajen ɗaurewa a dubi zanen da ke gefe biyu na ƙafar su yi daidai, in ba haka ba ƙafar baya za ta karkace. Makullin sarƙa kuma, rufaffen bakinsa ne ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. A wanke ta da kalanzir, a bari ta tsane, a ɗiga mata man giya mai lamba 90 kamar kowane kilomita 500. Tsohon baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe. Murfin sarƙa da samari ke cirewa don ado shi ne ke hana rairayi haɗuwa da mai su zama dutsen wasa. Idan haƙoran da sarƙa ke hawa sun yi tsini ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya, a sauya sarƙa da haƙoran gaba da na baya tare. Sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora ba ta yin nisa.

Mu koma ga inji, tun da hayaƙi yana cikin abin da ake dubawa. A waɗannan babura mai guda ne ke yi wa inji da giya da kuloci hidima, kuma duka bai wuce lita ɗaya ba. Don haka yake saurin gajiya. A hanyoyinmu masu ƙura, da kaya irin namu, muna ba da shawarar a juye shi tsakanin kilomita 1,000 da 1,500, ɗan acaɓa kuwa ya ƙirga da mako, ba da wata ba. A juye shi inji yana da ɗumi, a wanke 'yar rariyar da ke tace shi, a zuba mai lamba 20W-50 na cikin roba mai hatimi. Man da ake aunawa a kwalba ba wanda ya san asalinsa, araha kuma ba ta ado. A duba sandar awo babur yana tsaye sak, kada ya gaza zane kada ya wuce.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai, ko zobban fistin sun cinye ko robar bawul ta bushe. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya fi iska yawa: matatar iska ta toshe, ko an manta cok a ja, ko kafireta na ambaliya. Kusan duk injin da ya mutu kafin lokacinsa a karkara, idan aka bi sawu, daga matatar iska ciwon ya shiga. Lokacin hunturu takan toshe, babur ya ƙi ja, sai a cire ta a jefar ko a huda ta, a ji mashin ya buɗe a yi murna. Daga ranar ƙura ke shiga kai tsaye tana goge fistin da bulok. Idan matatar ta soso ce, a wanke ta da kalanzir duk mako biyu a lokacin ƙura, a matse ba tare da murɗawa ba, ta bushe, a shafa mata ɗan mai kaɗan a sake matsewa. Idan ta takarda ce ba a wanke ta, ba a sa mata mai, kakkaɓewa ake yi har lokacin sauyi ya zo. A duba kuma robar da ta haɗa ta da kafireta, tsaga ɗaya ta isa ta ɓata duk wannan ƙoƙari.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare wajen saita bawul. Mai babur ba ya son jin ƙas-ƙas a kan inji, sai bakanike ya ɗaure bawul har ƙarar ta ɗauke. Bawul yana buƙatar ɗan sarari, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. A injuna masu ƙarfin 100cc sararin wajen milimita 0.05 ne, inji yana da sanyi. Reza da wasu ke awo da ita ta kusa ninka wannan kauri, don haka a nemi ma'aunin gaskiya, ba shi da tsada. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai, babur ya riƙa wahalar tashi, ya riƙa mutuwa a silo, daga ƙarshe bakin bawul ɗin ya ƙone. 'Yar ƙara kaɗan ta fi shiru irin wannan lafiya. Fulogi kuma ratarsa milimita 0.7 ce ko kusa da haka, kuma launin bakinsa yana ba da labarin inji: ruwan ƙasa lafiya, baƙi busasshe fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo inji na shan mai, fari tas zafi ya yi yawa. Wanda dole ta sa yake sayen fetur a galan a bakin hanya ya sa 'yar matata a tiyon mai, ya riƙa kwance notin ƙasan kafireta lokaci-lokaci ruwa da datti su zube.

Wajen wuta ne babura da yawa za su faɗi idan da gaske aka duba. Saboda kik yana tayar da mashin ko babu batir, sai a bar batir ya mutu shekara da shekaru. A yawancin ƙananan babura fitilar gaba daga inji take shan wuta, amma hon da sigina da fitilar birki da batir suka dogara. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 a mita idan inji na kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan an ba da wuta. In ya wuce haka, ko ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, abin daidaita wutar ne ya lalace, sauya ƙwai ba zai yi magani ba. Fis idan ya ƙone a nemo dalili, kada a naɗa masa waya, domin wayoyin babur ne za su ƙone a madadinsa, kuma a ƙarƙashin tankin fetur suke bi. Fitilar baya ita muka fi jin tsoro. Mai babur yana ganin gabansa sai ya ɗauka kowa na ganin sa, alhali direban da ya taso daga Hadeja da dare ba ya ganin komai sai ya zo dab. A taka birkin ƙafa a kama na hannu, kowanne ya kunna jar fitila. Idan na ƙafa bai kunna ba, galibi ɗan sifirin da ke jan makunnin ne ya saki. Fitilar gaba kuma a saita ta ta haska hanya, domin amalanken shanu ba ya ɗauke da fitila. Madubi biyu, hon mai ƙara, salansa ba huji, lamba a ɗaure a wanke ta ana iya karantawa: waɗannan aikin rabin sa'a ne.

Kariyar ɗora kaya da ake ƙara wa tsawo a wajen mai walda tana mayar da nauyi bayan ƙafar baya. Gaban babur ya yi sakayau, kai ya riƙa rawa, ƙashin babur ya fara tsagewa a ƙarƙashin kujera. A ɗage kujera a duba wurin, layin tsatsa siriri a jikin walda alamar tsaga ce. Buhu mai nauyi a matso da shi gaba iyakar iyawa.

Game da takardu, a tabbatar lambar jikin babur da lambar inji sun yi daidai da abin da ke rubuce. Wanda ya sauya inji ya adana rasit, ya je a gyara takarda, domin ranar da aka yi cigiyar babur ɗin sata wannan bambanci zai iya jawo masa tsarewa. Lasin tuƙin babur rukunin A ne. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, an sa ta naira 3,000 ga babur daga farkon 2023, sai dai a yi ta a hannun kamfani mai rajista. Hular kwano kuma tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta, ga mai tuƙi da wanda ya goya.

Malam Edita, ta hannunka muke miƙa roƙo ga hukumomin da abin ya shafa a Dutse da Kano. Manomin da zai kashe yini guda da litocin fetur kafin ya kai babur inda ake dubawa, shi ne ke faɗawa hannun ɗan tsakani. A kawo dubawar kusa da shi. A sa rana a kowace ƙaramar hukuma, ta dace da ranar kasuwa, a sanar ta rediyo da bakin dagatai da masu unguwanni tun da wuri. A buga jerin abin da za a duba da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a tashoshin 'yan acaɓa da rumfunan makanikai, a rubuta kuɗin a fili, a ba da rasit. Babur ɗin da ya faɗi a rubuta wa mai shi abin da ya kayar da shi, a ba shi mako biyu ya gyara ya dawo ba tare da sabon biya ba, domin wanda ya san za a ƙwace masa mashin ba zai kawo shi da ƙafarsa ba. Shugabannin 'yan acaɓa na kowace tasha su ma suna da iko a hannunsu: suna iya hana duk wanda ba shi da birkin gaba ko fitilar baya shiga layi har sai ya gyara. A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, ya fi dacewa a fara.

Wassalam.

Daga wasu makanikan babura,
yankin Ringim da Gumel, Jihar Jigawa.